Akwati ko Jaka? Yadda Matafiya Ke Shirya Babur Mai Bin Kwalta da Daji

A shekarar 2004, a ƙasar Mongoliya, ƙarfen bayan wani babur ƙirar BMW R1150GS Adventure ya karye a tsakiyar daji. Babur ɗin na Claudio von Planta ne, mai ɗaukar hoton da ya raka 'yan fim ɗin Birtaniya Ewan McGregor da Charley Boorman a tafiyarsu daga Landan zuwa New York, wadda aka nuna a talabijin da sunan Long Way Round. Mai walda ya ɗinke ƙarfen, amma wutar waldar ta lalata na'urar birki. Dole aka saya masa wani ɗan jan babur ƙirar Rasha mai arha. Sai ga shi wannan ɗan babur yana ratsa laka cikin sauƙi, manyan kuwa, waɗanda nauyin kowannensu ya haura kilo 250 tun kafin a ɗora akwatuna, suna ta faɗuwa ana taruwa ana ɗaga su.

Har yau masu doguwar tafiya a kan babur suna kafa hujja da wannan labari, domin duk wata shawara kan kaya da sauya sassa tana komawa ne ga nauyi da kuma inda aka aza shi.

Baburan da ake magana a kansu su ne waɗanda aka ƙera don su bi kwalta su kuma shiga burji da yashi: dogaye ne, tayar gaba galibi inci 21, shokazoba mai doguwar tafiya. Saharar Nijar tana da hannu a tarihinsu. Gasar Paris zuwa Dakar ta farko, wadda Thierry Sabine ya shirya, ta tashi a ƙarshen Disamban 1978, ta bi ta Agadez, Cyril Neveu ya lashe ta a kan Yamaha XT500. A 1983 Yamaha ta fito da XT600Z mai tankin lita 30, ta laƙaba masa sunan hamadar Ténéré. BMW ta riga ta da R80 G/S a 1980, Honda ta biyo da Africa Twin a 1988. A yau matafiya da dama suna hawa irin su Suzuki DR650 mai nauyin kilo 166, da Kawasaki KLR650, da Honda CRF300L mai kilo 142, da Ténéré 700 da ya ɗan haura kilo 200.

Babbar muhawarar da ke tsakanin masu waɗannan babura ita ce ta akwati da jaka. Akwatin alminiyom, irin wanda kamfanin Touratech na Jamus ya yi suna da shi, ana kulle shi da makulli, ruwa ba ya shiga, ana iya sauke shi a zauna a kai a masauki. Mai bin birane da kan iyakoki, wanda zai bar babur a bakin ofishin kwastan ya shiga buga fasfo, hankalinsa ya fi kwanciya da shi. Sai dai akwati biyu da ƙarfen da ke riƙe su sukan haura kilo 10 babu komai a ciki. Idan babur ya faɗi, akwatin ya loɓe, murfin ya daina rufuwa daidai, ƙarfin faɗuwar kuma ya wuce kai tsaye zuwa ƙarfen bayan babur. Mafi muni shi ne abin da ke faruwa a yashi: mahayi ya sa ƙafa ƙasa don ya tokare, gefen akwatin ya cim ma ƙwaurinsa daga baya. An sha karya ƙafa ta haka.

Jaka mai laushi, irin ta Giant Loop da Mosko Moto na Amurka, ko Kriega na Birtaniya, tana da akasin waɗannan halaye. Wadda ake shimfiɗawa a bayan kujera kamar mangala a bayan jaki ba ta buƙatar ƙarfe ko kaɗan, nauyinta bai kai rabin na akwati ba, in an faɗi ta shanye bugun, in ta yage allura da zare sun wadatar. Aibinta guda biyu ne. Ɓarawo mai reza ba ya shan wahala da ita, kuma idan ta jingina da salansa zafi zai narkar da ita, wani lokaci har da kayan ciki. Shi ya sa ake ɗaura wa salansa ɗan farantin ƙarfe mai tare zafi kafin a aza jaka. Chris Scott, Baturen Ingila da ya shafe shekaru yana ratsa Sahara ya kuma rubuta littafin Adventure Motorcycling Handbook, ya daɗe yana fifita jaka ga wanda zai bar kwalta.

Ko wanne aka zaɓa, tsarin jera kayan ɗaya ne. Masu nauyi, wato sifana da tib na ajiya da ruwa da abinci, su zauna ƙasa, kusa da tsakiyar babur, a raba su daidai dama da hagu. Marasa nauyi, irin su tanti da bargo, su hau sama. Akwatin da ake ɗorawa can baya saman fitila shi ne mafi cutarwa, domin yana sama kuma yana bayan tayar baya, sai ya sauƙaƙa gaban babur har kan ya riƙa rawa. Masu ƙera shi galibi suna iyakance kayan cikinsa tsakanin kilo 3 zuwa 10. Kowane babur kuma yana da iyakar nauyin da kamfani ya rubuta a littafinsa, kuma jikin mahayi da hular kwanonsa da takalmansa duk suna cikin lissafin.

Wajen sauya sassa, sabon shiga yakan fara da salansa mai ƙara. Gogaggu sukan bar ta a ƙarshe, ko su ƙyale ta gaba ɗaya. Su da abin da zai kare babur suke farawa: farantin alminiyom a ƙarƙashin inji, domin dutse ɗaya ya isa ya fasa shi baƙin mai ya tsiyaye, sai ƙarfen da ke zagaye hannuwa, irin na Barkbusters na Ostireliya, wanda ke hana hannun kuloci da na birki karyewa a faɗuwar farko.

Daga nan sai shokazoba. Kamfanoni suna saita sifirin ne don mutum ɗaya matsakaici ba tare da kaya ba. Gwajin ba shi da wuya: a auna tsayin bayan babur tayar na sama, a sake aunawa mahayi na zaune da duk kayansa. Abin da ya nutse ya zama kimanin kashi 30 cikin 100 na tafiyar shokazoba. A DR650, mai tafiyar milimita 260, kusan milimita 80 ke nan. Idan ya wuce haka sosai, kuma ɗaure sifirin bai gyara ba, sai a sayi mai ƙarfi.

Taya ma da hanya ake zaɓenta. Dunlop D606 mai manyan haƙora tana kama ƙasa da yashi amma kwalta na cinye ta da wuri. Heidenau K60 Scout ta fi jure dogon zango, sai dai ba ta kai ta a laka ba. Wasu kuma sukan rage haƙori ɗaya a faifan sarƙa na gaba, misali daga 15 zuwa 14 a DR650, abin da ke ƙara wa babur ƙarfin ja da kusan kashi 7 cikin 100, ya kuma rage masa gudu a kan kwalta da kwatankwacin haka.

Tankin mai shi ne sashen da ya fi yaudarar mutane. CRF300L na ɗaukar lita 7.8, wanda zai kai shi kilomita 200 da ɗoriya, ɗan'uwansa Rally kuma lita 12.8. Kamfanoni irin su Acerbis na Italiya da Safari na Ostireliya suna sayar da manyan tankuna, har da na lita 30 don DR650 da ya zo da na lita 13. Amma kowace lita ta fetur tana da nauyin kusan gram 750, don haka ƙarin lita 17 ƙarin kilo 13 ne a saman babur. Wanda dogon zangon da babu gidan mai bai wuce ɗaya ko biyu a tafiyarsa ba, 'yar jarka ta fi masa. A ƙasar ƙura kuwa, musamman lokacin hunturu, matacin iska na soso da ake wankewa a shafa masa mai ya fi babban tanki muhimmanci, domin ƙurar da ta wuce shi cikin inji take zarcewa.

Kafin mai babur ya kashe kuɗi a kan ko wane sashe, ya loda duk kayan da yake shirin tafiya da su, ya cika tanki, ya kwantar da babur ɗin a ƙasa mai laushi, ya gwada ɗaga shi shi kaɗai. Idan ya kasa, ya fara rage kaya kafin ya sayi komai.