Akwatin da ido ba ya gani: yadda na'ura ke auna hukuncin alƙalan wasan besbol a Amurka

A babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB, mai jifa kan wurga ƙwallo da gudun da ya haura kilomita 150 a awa guda, ta isa wurin mai bugu cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Idan mai bugun bai kai mata sanda ba, alƙalin da ke tsaye bayan mai cafe ƙwallo ne zai yanke hukunci nan take: ta ratsa cikin akwatin bugu, ko ta waje ta bi? Wannan akwati babu shi a zane. Faɗinsa shi ne faɗin farin faifan da ke ƙasa, inci 17, tsayinsa kuwa daga ƙasan gwiwar mai bugu ne zuwa wajen tsakiyar ƙirjinsa. Jifan ciki uku na fitar da mai bugu, jifan waje huɗu kuma na ba shi damar wucewa sansanin farko kyauta.

Shekaru da dama maganar alƙali ita ce yankan wuƙa. A 1997, a wasan share fagen zuwa zagayen ƙarshe, Livan Hernandez na ƙungiyar Florida Marlins ya fitar da 'yan Atlanta Braves har sau 15, aka yi ta tsegumi cewa alƙali Eric Gregg ya faɗaɗa akwatin fiye da kima. Amma a lokacin babu ma'aunin da zai raba gardama.

A 2001 hukumar gasar ta fara girka kyamarorin QuesTec a wasu filaye domin tantance alƙalai. Ƙungiyar alƙalan ta yi tirjiya, kuma a 2003 shahararren mai jifa Curt Schilling ya farfasa ɗaya daga cikin kyamarorin da sanda, aka ci shi tara. Zuwa 2008 tsarin PITCHf/x ya game dukkan filaye, sannan a 2020 aka koma amfani da Hawk-Eye, fasahar da masu kallon tanis da ƙwallon ƙafa suka sani.

Da alƙaluman suka fito fili, sai aka ga cewa kurakuran suna da tsari. Wani nazari da Mark Williams na Jami'ar Boston ya jagoranta ya ƙirga hukunci 34,294 da aka yi ba daidai ba a kakar 2018, kimanin 14 a kowane wasa, ya kuma nuna cewa matasan alƙalai sun fi wasu tsofaffin hannu dacewa. An kuma lura cewa akwatin kan tsuke idan saura jifa ɗaya a fitar da mai bugu, ya buɗe idan mai jifa ne ke cikin matsi, kamar alƙalin na gudun a ce shi ya kashe wasan. Ƙwararrun masu cafewa su ma kan ja ƙwallo zuwa ciki cikin dabara, su ruɗi ido.

Sa idon ya yi amfani, domin kuskure ya ragu cikin shekarun nan. A wasa na biyu na zagayen ƙarshe na 2022, shafin Umpire Scorecards ya bayyana cewa Pat Hoberg ya yanke hukunci 129 ba tare da kuskure ko ɗaya ba.

Sai dai ma'aunin kansa mutum ne ke tsara shi. Hukumar ta daɗe tana yi wa alƙalai rangwamen inci biyu a gefen akwatin wajen ba su maki, abin da ya sa sakamakonta ke fin na masu bincike masu zaman kansu kyau. Yarjejeniyar da aka ƙulla da alƙalan a ƙarshen 2024 ta rage rangwamen zuwa ƙasa da inci guda. Tunda makin na cikin abubuwan da ake dubawa wajen zaɓen masu alƙalancin manyan wasanni, 'yar wannan tazara na shafar daraja da aljihun alƙali.

Gasar Koriya ta Kudu ta miƙa wannan hukunci kacokan ga na'ura a 2024. MLB kuwa ta zaɓi tsaka-tsaki: a watan Satumban 2025 ta amince cewa daga kakar 2026 alƙali zai ci gaba da yanke hukunci, amma kowace ƙungiya na da damar ƙalubalantarsa sau biyu. Mai jifa, mai cafewa ko mai bugu ne kaɗai za su iya, ta hanyar taɓa hularsu, kuma idan na'ura ta gaskata su, damar tana nan ba ta ragu ba.