Kafin Ka Ba Kwamfuta Aike, Karanta Takardar Bayaninta

A ranar Laraba, ranar da kasuwar Nima ke ci, wani dattijo mai fataucin albasa daga Bawku ya tare mu a bakin rumfarsa da wata tambaya. Ɗan ƙanensa da ke Maamobi ya sa masa wata manhaja a kwamfuta, wadda ya ce za ta riƙa shiga shafukan intanet da kanta tana duba masa farashin kaya da canjin sidi da sefa, har ma ta cike masa takardu. Abin da ya dame shi guda ne: wannan abu da ke kallon allonsa, me yake gani, kuma wa yake kai wa labari?

Da muka nemi takardar bayanin manhajar, sai muka tarar layi goma ne kacal cikin Turanci, duk a kan yadda ake girka ta. Babu inda aka faɗi abin da take ɗauka ko inda take ajiyewa.

Irin waɗannan manhajoji na ƙirƙirarriyar basira, waɗanda za mu kira 'yan aiken kwamfuta, ba su da ido. Hoton allo suke ɗauka, irin wanda abokin ciniki kan turo maka ta WhatsApp don shaidar ya biya ta MoMo. Su ɗauki hoton, su aika wa na'urorin kamfani su karanta, su latsa wani wuri, su sake ɗaukar wani. Ke nan duk abin da ke kan allon a lokacin, ko lambar asusu ce ko sunan wanda ake bi bashi, yana iya tafiya tare da hoton.

Idan dai ba a manta ba, a watan Oktoban 2024 ne kamfanin Anthropic na Amurka ya fito da wannan tsari ga manhajarsa Claude, sannan a Janairun 2025 kamfanin OpenAI ya biyo baya da Operator. A takardar bayaninsa, Anthropic ya gargaɗi masu amfani da kada su bar manhajar ta ga bayanan sirri kamar kalmar shiga asusu, kuma a bar mutum ya tabbatar da kansa kafin a biya kuɗi. Ya kuma bayyana cewa rubutun da mugu ya dasa a wani shafi yana iya yaudarar manhajar ta bi umarnin da ba na mai ita ba. Shi ma Microsoft, a 2024 ya jinkirta fito da Recall, mai ɗaukar hoton allo a kai a kai, bayan masana tsaro sun yi ca a kansa.

To, da me ɗan kasuwa zai auna takardar bayani? Na farko, ta faɗi abin da ake ɗauka: shafi ɗaya ne ko dukkan allon? Na biyu, ta faɗi inda hotunan ke zuwa, tsawon lokacin da ake ajiye su da yadda ake goge su. Na uku, ta faɗi inda manhajar ke kuskure, domin idan hoto bai fita sosai ba, tana iya karanta 1,000 a matsayin 7,000, kuma a cinikin buhu ɗari wannan ba ƙaramar asara ba ce. Na huɗu, ta nuna yadda ake tsayar da ita nan take. Na biyar, a duba kwanan watan da aka sabunta bayanin, da kuma adireshin da za a kai kuka.

'Yan kasuwarmu na Aflao da Paga da Illela da Jibiya ba baƙin wannan awo ba ne. Babu wanda zai sari katon ɗin magani da ba a rubuta ranar lalacewarsa ba, domin cinikin biri a sama ke nan.

Bugu da ƙari, doka tana bayanka. A nan Ghana akwai Dokar Kare Bayanai ta 2012, wadda ta ba kowa 'yancin sanin abin da ake yi da bayanansa, ga kuma Hukumar Tsaron Intanet da ake kai wa ƙorafi ta lamba 292. Sai dai har yanzu da sauran aiki, tun da akasarin waɗannan takardu da Turanci ko Faransanci ake rubuta su. Muna kira ga matasanmu na Zango masu ilmin kwamfuta da su daure su riƙa fassara wa iyayensu gargaɗin, ba yadda ake girkawa kaɗai ba.

Shawarar da muka ba dattijon ita ce, ya bar manhajar ta duba masa farashi a shafukan da kowa ke gani, amma kada ya buɗe asusun banki ko na MoMo tana kunne. Da yammacin ranar ya kira ɗan nasa ya zo ya raba su. Masu iya magana dai sun ce matambayi ba ya ɓata.