Lasifika, amfili da ɗaki

Ƴan makaranta, dukanku kun san lasifika. Da Faransanci ana ce mata haut-parleur. Tana cikin rediyo, tana cikin talabijin da salula. Akwai ta a bisa hasumiyar masallaci, a wurin biki da filin kokawa.

Sau da yawa mutum yakan je kasuwa, ya ji wata lasifika tana waƙa da daɗi, ya biya kuɗin da ya daɗe yana tarawa. Da ya kai ta gida ya kunna, sai ya ji murya ta sauya. Sai ya ce mai kanti ya cuce shi. Galibi ba cuta ba ce. Abin da kunne yake ji, abubuwa uku ne suke haɗuwa su yi shi: lasifika, da amfilin da yake ba ta ƙarfi, da ɗakin da aka ajiye ta. Mu duba su ɗaya bayan ɗaya.

Mene ne sauti?

Ku ɗora yatsa a maƙogwaronku, ku ce "aaa". Kun ji yana girgiza? Ku zuba ƙwayoyin gero kaɗan a bisa fatar ganga, ku buga ta. Geron zai yi ta tsalle. Duk abin da yake ba da sauti girgiza yake yi. In ya girgiza, sai ya tura iskar da ke kusa da shi, ita kuma ta tura ta gabanta, har abin ya iso kunnenmu.

Sauti yana tafiyar kusan metir 340 cikin daƙiƙa ɗaya. Haske ya fi shi sauri nesa ba kusa ba. Shi ya sa da damina muke ganin walƙiya kafin mu ji tsawa.

Ana ƙidaya girgizar da abu yake yi cikin daƙiƙa ɗaya. Sunan ma'aunin hertz, don tunawa da Heinrich Hertz, wani masani na ƙasar Jamus. In girgizar kaɗan ce, murya takan yi kauri, kamar ta babbar ganga. In tana da yawa, murya takan yi siriri, kamar ta sarewa. Kunnen yaro mai lafiya yana ji daga hertz 20 zuwa hertz 20.000. In mutum yana tsufa, siraran muryoyi ne suke fara ɓace masa.

Me ke cikin lasifika?

In kun sami tsohuwar rediyo wadda ta mutu, ku roƙi mai gyara ya nuna muku lasifikarta. Za ku ga abubuwa uku. Akwai takarda mai kauri, mai siffar malfa. A bayanta akwai siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗe kamar zare a jikin kwarkwaro. Sannan akwai maganaɗisu mai nauyi wanda ya kewaye naɗin wayar.

In wutar lantarki ta bi cikin naɗin, sai shi ma ya zama maganaɗisu. Wutar tana juyawa, wannan gefe, wancan gefe, daidai da yadda waƙar take. Saboda haka babban maganaɗisun yakan tura naɗin gaba, ya jawo shi baya. Takardar kuwa tana manne da naɗin, sai ta bi shi, ta tura iska kamar fatar ganga. Wasu injiniyoyi biyu na Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, su ne suka bayyana irin wannan lasifika a shekarar 1925. Har yau yawancin lasifikun duniya haka suke aiki.

A jikin wasu kayan sauti za ku ga an rubuta hi-fi. Da Faransanci haute fidélité ke nan, wato cika amana. Lasifikar kirki kamar ɗan aike mai amana take: abin da aka ba ta shi take faɗi, ba ƙari, ba ragi. In makaɗi ya kaɗa gurmi, gurmi za ku ji, ba wani abu mai kama da shi ba.

Babba da ƙarama

Murya mai kauri tana bukatar a tura iska mai yawa, don haka sai babbar takarda. Siririyar murya kuwa tana bukatar abin da zai girgiza sau dubbai cikin daƙiƙa ɗaya, don haka sai ƙarama marar nauyi. Shi ya sa a akwati ɗaya kukan ga lasifika biyu ko uku. A cikin akwatin akwai wata ƴar na'ura mai raba aiki: ta aika wa babbar muryoyi masu kauri, ta aika wa ƙaramar sirara.

Shi kansa akwatin ba don ado aka yi shi ba. Lokacin da takardar ta tura iskar gabanta, tana jan iskar bayanta. In babu akwati, iskar gaba takan zagaya ta cike gurbin baya, sai murya mai kauri ta ɓace. Akwati shi yake raba gaba da baya. Dole katakonsa ya yi kauri. In siriri ne, shi ma zai yi ta rawa, ya sa baki cikin waƙar da ba tasa ba.

Aikin amfili

Wutar da take fitowa daga makirfo ko salula ba ta da ƙarfin da za ta motsa babbar lasifika. Amfili, wato amplificateur, shi yake ƙara mata ƙarfi. Yana ɗaukar wuta daga batir ko daga layin lantarki, ya siffanta ta daidai da waƙar, ya miƙa wa lasifika. Ana auna ƙarfinsa da watt. Ƙarar da kunne yake ji kuwa, ana auna ta da desibel. Hirar mutum biyu takan kai kusan desibel 60.

A nan mutane da yawa suke ruɗewa. Suna tsammani amfili mai watt 100 ya fi mai watt 10 ƙara sau goma. Ba haka ba ne. In aka ninka watt sau biyu, desibel 3 kawai ake ƙarawa, kunne yakan ji ƙarin kaɗan ne. Sai an ninka watt sau goma ake samun ƙarin desibel 10, a nan ne kunne yake jin kamar ƙara ta ninka sau biyu.

Su ma lasifikun ba ɗaya suke ba wajen cin wuta. Masu ƙera su sukan ba lasifika watt 1, su auna ƙararta daga nisan metir 1, su rubuta a takardarta. A ce ɗaya ta ba da desibel 87, ɗaya kuma 90. Abin da ta biyun za ta yi da watt 10, ta farkon sai da watt 20 za ta yi shi. Ga mai aiki da batir ko hasken rana, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Kowane amfili yana da iyaka. In aka murɗa shi fiye da ƙarfinsa, murya takan fashe, ta yi kaushi kamar ta mai mura yana ihu. Wannan ba daɗin ji kawai yake ɓatawa ba. Yana sa naɗin wayar ƙaramar lasifikar ya yi zafi, har ya ƙone. Da kun ji murya ta fara fashewa, ku rage.

Akwai kuma lambar da ake rubutawa a bayan lasifika, galibi om 4 ko om 8. Tana nuna yadda lasifikar take tare wa wuta hanya. In lambar ƙarama ce, lasifikar tana jan wuta da yawa. In aka ɗaura lasifika biyu masu om 8 a baki ɗaya na amfili, kowace da wayarta, sun zama om 4. In aka yi ta ƙara wasu, amfilin zai yi zafi kamar jakin da aka yi wa lodi fiye da kima.

Ɗaki ma yana magana

Sautin da ya fito daga lasifika ba duka yake zuwa kunnenmu kai tsaye ba. Mai yawa yakan bugi bango, da ƙasa, da rufi, ya dawo. Abu mai tauri da santsi, kamar siminti, kwano da gilashi, yana mayar da sauti. Abu mai laushi, kamar katifa, labule, bargo da tufafin mutane, yana shanye shi.

Ku tuna da ajinmu. Da safe, in babu kowa, wanda ya tafa hannu zai ji amon ya daɗe. In kun cika ajin, amon yakan mutu nan da nan. A ɗakin laka mai rufin ciyawa murya takan fita sarai. A sabon ɗakin siminti mai rufin kwano, wanda ba a sa kaya ba, kalmomi sukan hau juna. In bango yana da nisan metir 17 ko fiye, sautin yakan yi kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kafin ya je ya dawo, sai mu ji shi dabam. Wannan ita ce amsa-kuwwa.

A shekarar 1895, a jami'ar Harvard ta Amurka, akwai wani ɗakin karatu inda ɗalibai ba sa gane abin da malami yake faɗi. Kalma ɗaya takan yi fiye da daƙiƙa 5 tana yawo cikin ɗakin. Aka ba wani matashin malami, Wallace Sabine, aikin gyarawa. Da dare, in gari ya yi tsit, shi da mataimakansa sukan kwaso matasan kujeru daga wani zaure, su jera a ɗakin, ya auna da agogo tsawon lokacin da amo yake yi kafin ya mutu. Ya gano cewa girman ɗaki yana tsawaita amo, kayan laushi kuwa suna gajarta shi, har ya fitar da lissafin abin. Da lissafinsa aka yi aiki wajen gina babban zauren kiɗa na birnin Boston, wanda aka buɗe a 1900.

Wurin da aka ajiye lasifika ma yana da muhimmanci. In aka matsa da ita jikin bango, murya mai kauri takan ƙaru. In aka sa ta a lungu, takan ƙaru sosai, wani lokaci har ta danne muryar mawaƙi. Siririyar murya kuwa miƙewa take yi gaba, kamar hasken tocila. Saboda haka a ɗaga lasifika daidai da kunnen mai saurare, a juyo da fuskarta wajensa. In guda biyu ne, ta dama da ta hagu, nisan da ke tsakaninsu ya zama daidai da nisan kowace zuwa mai saurare, kamar duwatsun murhu uku.

Yanzu kun gane abin da yake faruwa ga mai saye. A kasuwa, a fili ko a rumfa, babu bangon da zai mayar da sauti sosai. A gida kuwa, bango huɗu da rufi duk sun sa baki.

Yaya ake gwada lasifika biyu?

Kunne yana da saurin ruɗuwa. In ɗaya ta fi ɗaya ƙara ko da kaɗan ne, mukan ce ita ta fi daɗi. Ido ma yana ruɗin kunne: babban akwati mai ƙyalli da tsada yakan sa mu yanke hukunci tun ba mu saurara ba. Wani masani mai suna Floyd Toole ya daɗe yana binciken wannan a ƙasar Kanada, a shekarun 1980. Yakan ɓoye lasifikun a bayan labulen da sauti yake ratsawa, don masu saurare su yi hukunci da kunne kaɗai.

To, wanda yake so ya yi gwaji na gaskiya, ga abin da zai yi. Ya sa waƙa ɗaya wadda ya sani sarai. Ya yi aiki da amfili ɗaya. Ya ajiye lasifikun a wuri ɗaya, ya daidaita ƙararsu. Ya juya baya, wani ya riƙa sauya masa su. Ya saurari maganar mutum, domin ita kunnenmu ya fi sani. Yana jin kowace kalma? Yana iya rarrabe kalangu da goge, ko duk sun cakuɗe? Wadda ta bar shi ya ji kowane abu dabam, ba tare da kunnensa ya gaji ba, ita ce ta kirki, ko da ƙarama ce.

Ku tsare kunnuwanku

Lasifika in ta ƙone, ana sayen wata. Kunne ba a sayensa a kasuwa. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu gashi, su ne suke karɓar girgiza su aika wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kashe su, in sun mutu kuma ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana iya sauraron desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da lahani ba. Amma in ƙara ta kai desibel 90, awa 4 ne kawai a mako.

A wurin biki, kada ku tsaya a gaban manyan lasifiku, kada kuma ku kai ƙannenku wurin. In sai kun yi ihu kafin na kusa da ku ya ji, ƙarar ta yi yawa. In kun koma gida kunnenku yana ƙugi, gargaɗi ne yake yi muku.

Mu gwada

Ku ɗauki ƴar rediyo, ku kunna ta, kada ku sake taɓa maɓallin ƙara. Ku ajiye ta a tsakiyar aji, sannan a jikin bango, sannan a lungu, sannan a waje cikin fili. Bayan haka ku sa ta cikin babbar ƙwarya, sannan ku ɗora ta a bisa bargo. Kowane lokaci ku rubuta abin da kuka ji a littafinku.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne suke cikin lasifika?
2. Don me ake sa lasifika cikin akwati?
3. Kun ga walƙiya, bayan daƙiƙa 3 kuka ji tsawa. Metir nawa ne tsakaninku da ita?
4. Amfili mai watt 100 ya fi mai watt 10 ƙara sau goma? Ku yi bayani.
5. Ku kawo abubuwa uku masu mayar da sauti, da uku masu shanye shi.
6. Wace shawara za ku ba wanku in zai je sayen lasifika?