Ɗan Rago a Ɗakin Tiyata: Yadda Ake Gwada Ƙyauren Zuciya

Wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Shagari ta Bodinga zai ga garken tumaki, har da Uda mai launi biyu. Mu dai nama da kuɗin makaranta muke gani a jikinsu. Amma likitocin zuciya a ƙasashen waje suna yi wa tunkiya wani kallo dabam.

Zuciyar mutum tana da ƙyamare huɗu, wato bawul, masu hana jini komawa baya. A ƙasarmu abin da ya fi lalata su a jikin yara shi ne ciwon maƙogwaro na ƙwayar cuta da aka yi sakaci da shi. Bayan shekaru sai ƙyauren ya ƙanƙance ko ya riƙa yoyo, yaro ya kama haki, ƙafafu su kumbura. In abin ya yi nisa, sai tiyata.

To, wa zai yarda a fara gwaji a ƙirjin ɗansa? Shi ya sa Albert Starr da injiniya Lowell Edwards a Amurka suka fara da karnuka. Da yawa sun mutu domin jini yana daskarewa a kan ƙyauren. Sun yi ta gyara, har a 1960 suka sa wa wani mutum, ya rayu shekaru da dama. Daga baya Alain Carpentier a Faransa ya gyara ƙyauren alade da magani, Marian Ionescu kuma a Ingila ya ɗinka nasa da tantanin zuciyar saniya a 1971. Wannan ya sauƙaƙa wa masu ƙyamar alade, ciki har da maƙwabtanmu da yawa.

A yau tunkiya ce aka fi amfani da ita, domin girman zuciyarta ya yi kusa da namu. Ana sa mata maganin barci, a dasa ƙyauren, a yi jinyarta kamar wata biyar, sa'an nan a yanka ta a duba. Ba ƙaramin abu ba ne, kuma daidai ne da hukumomi ke neman a rage yawan dabbobin da wahalarsu. An fi son ɗan rago saboda jikinsa mai girma yana tara sinadarin ƙashi a kan ƙyauren nama da sauri. Abin da zai ɗauki shekaru a jikin dattijo sai ya bayyana cikin watanni.

A nan ne zancen ya shafe mu, 'yan'uwa, gama marasa lafiyarmu yawanci matasa ne, jikinsu kamar na ɗan ragon. Ƙyauren nama ba ya daɗewa a jikinsu. Na ƙarfe yana daɗewa, amma sai da shan wafarin har ƙarshen rai da awon jini a kai a kai, ga haɗari ga mace mai ciki. Yarinyar ƙauyen Shagari za ta riƙa biyan kuɗin mota zuwa Sakkwato domin awon.

Tun 1974 aka yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Nijeriya, a Inugu, amma har yanzu kuɗinta ya fi ƙarfin manomi. Ciwon maƙogwaron da ya jawo ta kuwa, in yaro ya zo da zazzaɓi aka kai shi asibiti da wuri, fenisilin ke maganinsa.