Yaro a hannun hukuma: abin da doka ta tanada da abin da ya rage a yi a Gombe

A ranar 1 ga Nuwamba, 2024, wasu yara da aka kama lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta suka yanke jiki suka faɗi a harabar Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja. Sun shafe kusan wata uku a tsare, kuma galibinsu daga Kano da Kaduna aka kwaso su. Bayan 'yan kwanaki Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Al'amarin ya wuce, amma ya bar tambayar da ta shafi kowane gida: idan aka zargi yaro da laifi, ina ake ajiye shi, wa ke yi masa shari'a, kuma wa ke da alhakin gyara shi?

Tambayar ta shafi Gombe kai-tsaye. Shekara da shekaru birnin yana fama da matsalar 'yan Kalare, matasan da 'yan siyasa suka riƙa amfani da su wajen bangar siyasa, har ƙungiyar Human Rights Watch ta yi bayaninsu a rahotonta na 2007. Cikin masu bin irin waɗannan gungu akwai waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Kuma shaye-shaye da ƙwacen waya ba su san unguwa ba: yadda suke taɓa gidaje a Bolari da Jekadafari da Pantami, haka suke taɓa gidajen GRA. Bambancin yakan fito ne bayan kamu, domin ɗan gidan da ke da lauya da mai tsaya masa yakan kwana a gida, shi kuwa wanda ba shi da kowa sai ya daɗe a tsare.

Wane ne yaro a idon doka?

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta ce yaro shi ne duk wanda bai cika shekara 18 ba. Da yake al'amuran yara na cikin hurumin jihohi, sai da kowace jiha ta yi tata dokar, kuma Gombe ta samu tata a 2022 ƙarƙashin Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya. Kafin wannan, Dokar Yara da Matasa ce ake aiki da ita, wadda Turawan mulkin mallaka suka kafa a Legas a 1943, aka faɗaɗa ta zuwa Jihar Arewa a 1958.

Kundin Final Kod na Arewa, a sashe na 50, ya ce abin da yaro ɗan ƙasa da shekara 7 ya aikata ba laifi ba ne. Haka ma wanda ke tsakanin shekara 7 da 12, muddin hankalinsa bai kai ya gane abin da yake yi da abin da zai biyo baya ba. Wannan bai yi nisa da fahimtar malaman fiƙihu ba, waɗanda suka ɗora ɗaukar nauyin hukunci a kan balaga da hankali, suka ce wanda bai balaga ba ladabtarwa ce ta dace da shi, ba haddi ba.

Najeriya ta kuma amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 a shekarar 1991. Sashe na 37 na yarjejeniyar ya tanadi cewa tsare yaro shi ne mataki na ƙarshe, na mafi gajeren lokaci, kuma a ware shi daga manya.

Daga ofishin 'yan sanda zuwa kotu

A ce an kama yaro ɗan shekara 15 bisa zargin satar waya a Babbar Kasuwar Gombe. Bisa tsarin dokar 2003, abu na farko shi ne a sanar da iyayensa ko mai riƙonsa ba tare da ɓata lokaci ba. Jami'an da aka horar kan sha'anin yara ne ya kamata su yi binciken, kuma ba a haɗa shi ɗaki ɗaya da manya. Kundin Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 35, ya wajabta a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya, ko kwana biyu idan kotun na da nisa.

Idan laifin ba babba ba ne, doka ta bai wa 'yan sanda da masu gabatar da ƙara damar kashe maganar ba tare da zuwa kotu ba: a yi sulhu, a mayar da kayan ko a biya diyya, a sa yaron ƙarƙashin kulawar wani babba. Idan kuwa aka je gaban alƙali, Kotun Iyali ce ke da hurumi. Ba a buɗe zamanta ga 'yan kallo, kuma an haramta wallafa sunan yaron ko hotonsa. Dokar ta hana a yanke wa yaro hukuncin ɗauri a gidan yari ko hukuncin kisa. Alƙali na iya yi masa gargaɗi, ko ya sa shi ƙarƙashin jami'in sa ido, ko ya umarci iyaye su biya diyya, ko ya tura shi wata cibiyar tarbiyya idan babu makawa.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen tantance shekaru. Yaron da ba shi da takardar haihuwa, idan aka rubuta masa shekara 19 a takardar tuhuma, ya fita daga duk wannan kariya, sai ya tsinci kansa cikin manya masu jiran shari'a. Don haka takardar haihuwa da Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ke bayarwa tana iya zama abin da zai raba yaro da gidan yari.

Ire-iren gidajen ajiye yara

Jama'a kan haɗa su duka da sunan gidan kangararru, amma iri uku ne. Na farko shi ne gidan ajiye yara masu jiran shari'a, kamar wanda ke Goron Dutse a Kano. Na jihohi ne, galibi ƙarƙashin ma'aikatun mata da walwalar jama'a, kuma zaman cikinsa na ɗan lokaci ne. Na biyu shi ne makarantar gyaran tarbiyya da kotu ke tura yaro bayan an same shi da laifi, inda zai yi karatu ya koyi sana'a.

Na uku shi ne gidan Bosta, na Gwamnatin Tarayya, wanda ke karɓar matasa 'yan shekara 16 zuwa 21 bisa dokar 1962. Sunan ya samo asali ne daga wani ƙauye a yankin Kent na Ingila, inda aka fara gwada tsarin a 1902. Ingila ta soke shi da dokar 1982, amma sunan ya zauna a Najeriya. Gidajen Bosta da aka daɗe ana aiki da su uku ne: na Kakuri a Kaduna, da na Ilori, da na Abekuta. Babu ko ɗaya daga cikinsu a Arewa maso Gabas. Ke nan matashin da aka tura daga Gombe, mafi kusa da shi shi ne na Kaduna, tafiyar da uwa mai sayar da ƙosai ba za ta iya yi kowane wata ba. Yaron da ya rabu da ganin nasa kuwa, komawarsa cikin jama'a kan yi wuya.

Dokar Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta 2019, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu, ta hango wannan giɓi. Sashe na 35 ya hana ajiye yara a gidajen manya, ya kuma umarci a kafa gidajen Bosta na maza da na mata daban-daban a kowace jiha. A 2023 aka yi wa Kundin Tsarin Mulki gyara, aka bai wa jihohi ikon kafa nasu gidajen gyaran hali. Ƙofa ta buɗe wa jihohi irin Gombe, saura kuɗi da niyya.

Me ya sa ake dagewa a ware yara?

Dalilin bai tsaya ga tausayi ba. Yaron da ya shiga don satar waya, idan ya yi wata shida tare da gogaggun 'yan fashi, zai fito da sabbin malamai da sabbin abokai. Karatunsa ya tsaya, maigidansa a wurin sana'a ya ɗauki wani, unguwa ta laƙaba masa suna. Ga kuma haɗarin cin zarafi da cututtuka a ɗakunan da suka cika maƙil. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a wannan shekarun yana tanƙwaruwa zuwa kowane ɓangare aka ja shi.

Idan hukuma ba ta samar da wurin da iyaye za su amince da shi ba, sukan nemi mafita a gidajen mari. A watan Satumba na 2019, 'yan sanda suka fitar da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, cikinsu har da yara, wasu da sarƙa a ƙafa. A watan Oktoba aka gano makamancinsa a Daura. Da yawa daga cikinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, don sun rasa yadda za su yi.

Abin da gyara ke bukata

Gombe ba baƙuwa ba ce ga aikin sauya tunani. A Malam Sidi, cikin ƙaramar hukumar Kwami, akwai sansanin shirin Operation Safe Corridor da aka ƙaddamar a 2016 don tubabbun 'yan Boko Haram, inda ake haɗa wa'azi da shawarar masana halayyar ɗan'adam da koyon sana'a. Duk da muhawarar da ake yi kan shirin, idan ƙasa ta ga dacewar kashe kuɗi don dawo da wanda ya ɗauki bindiga, yaron da ya ɗauki waya ya fi cancanta.

Gyara na gaskiya na bukatar makaranta a cikin gidan da za ta kai yaro ga rubuta jarrabawar WAEC ko NECO, da sana'a irin ɗinki, kafinta, walda ko gyaran waya, da jinyar shaye-shaye a hannun likita. Yana kuma bukatar jami'an walwala da za su bi sawun yaro bayan sallama, su sasanta shi da gidansu, su nemo masa maigida. Masu unguwanni da limamai da fastoci na da rawar takawa wajen sulhu tun magana ba ta kai caji ofis ba.

Ga iyayen da aka kama ɗansu, matakan a sarari suke: a je ofishin 'yan sanda da takardar haihuwa ko ta makaranta, a nemi a rubuta shekarunsa daidai, a bukaci kada a ɗauki jawabinsa sai gaban babba nasa ko lauya. Wanda ba shi da kuɗin lauya na iya zuwa Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne a doka, ga ɗan GRA da ɗan Herwagana baki ɗaya.