Wai Ciwon Daji Ba Ya Son Ƙarfe?

Yau magana ɗaya zan tsaya a kai, wadda na san kusan kowa ya taɓa ji a bakin wata gwaggo ko inna: wai ciwon daji ba ya son ƙarfe, da zarar an yi masa allura ko an sa masa wuƙa, shi ke nan an tsokane shi, sai ya bazu.

Ni dai ban ga laifin masu faɗar haka ba, abin da idonsu ya gani suke faɗa. Mace ta ji ƙullutu a mama, ba ya mata zafi, sai ta ja bakinta ta yi shiru saboda kunya. Wata shida, shekara guda, ana shafe-shafe ana hayaƙi. Sai ya fashe ya fara wari sannan a kwashe ta zuwa asibiti. To a lokacin cutar ta riga ta bi jini da kaluluwar hammata, ta isa huhu ko hanta ko ƙashi. Likita ya yi aiki, bayan 'yan watanni ta rasu, sai ka ji an ce ai wuƙar ce. Shekarar nan da aka kwashe a gida kuwa, ba mai lissafa ta.

Kansa fa ba iska ba ce, duk da sunan daji da muka laƙaba mata. Ƙwayoyin halittar jikin mutum ne suke rikicewa, su yi ta hayayyafa ba tsayawa. Shi ya sa ba a ɗaukarta a kwanon abinci ko wajen jinya, don Allah a daina ƙyamar masu ita.

Ita kuma allurar da ake gudu, da ita ake ciro ɗan guntun tsoka a duba, a gane mene ne. Mafi yawan ƙullutun mama ma ba kansa ba ne, amma hannu ba ya iya bambancewa, sai gwaji. Wanda aka kama yana ƙarami, bai tafi ko'ina ba, sau da yawa ana cire shi a warke.

Akwai ma allurar da ke tare hanya tun kafin a fara. Sankarar bakin mahaifa, wadda ke bin ta mama a yawa tsakanin matan Najeriya, ƙwayar cutar HPV ce ke jawo kusan dukkanta. Tun Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta kyauta. In kuna da ƙanwa a wannan shekarun, ku tambayi asibitin sha-ka-tafi na unguwarku. Sai mun haɗu a shiri na gaba.