Littafin Na'ura da Ma'aikacin Asibiti



Ilmin likitanci yana da wata siffa wadda ta bambanta shi da na adabi, wato saurin tsufa. Waƙar da aka rubuta shekara ɗari baya tana nan da darajarta, amma littafin magani na shekara ashirin yana iya jawo asarar rai. Alal misali, a 2005 Nijeriya ta daina dogara da kulorokwin wajen maganin zazzaɓin cizon sauro, domin ƙwayar cutar ta daina jin sa, ta koma ga haɗin magunguna masu atimisinin. To, ma'aikacin jinyar da ba shi da madogara sai tsohon bugu, me zai ba majinyaci?

A nan ne amfanin littafin na'ura yake, wato wanda ake karantawa a fuskar kwamfuta ko wayar hannu. Ana sabunta shi ba tare da jiran jirgin ruwa ba, mutum hamsin suna iya duba shi a lokaci guda in yarjejeniyar mawallafi ta yarda, kuma a laluɓo sunan magani cikin ƙiftawar ido. A 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta haɗa kai da manyan kamfanonin ɗab'i shida, suka buɗe shirin HINARI da mujallu wajen 1,500, daga baya aka ƙara littattafai dubbai. Cibiya ce take yin rajista, kamar jami'a ko asibitin koyarwa, sa'an nan a danƙa wa ma'aikacin laburare kalmar sirri.

Amma fa sau da yawa rijiya takan ba da ruwa, guga ya hana. Gugan nan shi ne wutar lantarki, da tsadar intanet, da rashin horo. Irin wannan matsala ce Cliff Missen ya gani a Jami'ar Jos, har ta kai ga ƙirƙiro eGranary, wato rumbun littattafai a cikin na'ura wanda ba ya bukatar intanet.

Saboda haka aikin laburare bai ƙare da biyan kuɗin littafi ba. Wajibi ne ya bi ma'aikata har ɗakin majinyata, ya koya wa unguwarzoma da mai haɗa magani yadda ake bincike, kada abin ya tsaya ga manyan likitoci kaɗai. Ku kuma ma'aikatan gwamnati, in kun zo tsara kasafi, ku sa kuɗin wuta da na horo a layi ɗaya da kuɗin littafi.